Cinikin Biri a Sama: Nasiha ga Ƙannenmu Masu Buga Gem

Assalamu alaikum, ƙannena samarin Gombe.

Abin da ya faru makon nan a wata rumfar caji da ke Jekadafari bai kamata a yi shiru a kansa ba. Yaro ɗan sakandare, kuɗin da ya tara a wajen koyon ɗinki, naira dubu arba'in, ya tura wa wani da bai taɓa gani ba. Tallar asusun gem ɗin Free Fire ya gani a guruf ɗin WhatsApp, cike da riguna da bindigogi masu kwalliya. Aka ce masa, "Tura tukuna, yanzu zan ba ka shiga." Ya tura. Kafin ya ɗago kai hoton mai sayarwa ya ɓace, saƙo ya daina shiga. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, abokansa kuwa suna ta shewa wai an ci shi.

Wannan "tura tukuna" ita ce cutar. Ita ke cinye ku daga Pantami har Tumfure, kuna gani ana yi wa na kusa da ku, gobe ku sake miƙa wuya. Hausawa sun ce hannu da hannu cinikin makaho. Makaho ma ya san ba ya sakin kuɗinsa sai kaya sun shiga tafinsa. Kai da idonka biyu, ka je makaranta, kana karanta Turanci, sai ka ɗauki guminka ka aika wa lambar waya kawai don an nuna maka hoto?

Ku fara sanin abin da ake sayar muku. A Free Fire, da PUBG Mobile, da Call of Duty Mobile, da eFootball, babu wata kasuwa da kamfani ya buɗe inda ɗan wasa zai cire rigarsa ko bindigarsa ko ɗan ƙwallonsa ya sayar wa wani. Abin da ake samu a wasunsu kyauta ce, ka sayi abu a shagon gem ka aika wa aboki. Don haka duk wanda ya ce zai "tura maka" tsohuwar bindigarsa zuwa asusunka ƙarya yake yi tun daga kalmar farko. Saura sayar da asusun gaba ɗaya, shi kuma ƙa'idojin da ka amince da su ranar da ka buɗe gem sun hana. Kamfanonin gem irin su Garena da Konami da Activision duk sun rubuta haka. Ma'ana ranar da aka cuce ka, ba ka da bakin kai ƙara wajensu, domin da ka ce "saya na yi" ka tona kanka, asusun ma suna iya rufe shi. Cinikin biri a sama ke nan, birin kuma ba na mai sayarwa ba.

A ce ma mai sayarwa ya ba ka shiga da gaske. Nan ne inda ake yi wa masu ganin kansu wayayyu. Ya ba ka asusun Facebook da aka ɗaure gem ɗin a kai, ka canza lambar sirri, ka yi murna, ka kwana kana harbi. Amma imel na farko da aka buɗe asusun da shi yana hannunsa. Layin wayar farko yana aljihunsa. A PUBG ana iya ɗaure asusu ɗaya da hanyar shiga fiye da ɗaya, sai ya ba ka guda ya riƙe guda. Mafi muni, rasidin sayayyarsa ta farko a Google Play, wanda lambarsa ke farawa da GPA, yana cikin imel ɗinsa. Bayan sati biyu ko wata guda sai ya rubuta wa kamfani cewa an sace masa asusu, ya nuna rasidi, ya faɗi irin wayar da ya fara bugawa da ita da lokacin da ya buɗe. Wa za a gaskata? Shi, domin a takarda kai ne ɓarawon. Ya karɓe kayansa, ya sake sa talla, wani ɗan Bolari ya sake tura tukuna. Asusu ɗaya a sayar da shi sau nawa, duk saboda an ce abin dubu ɗari ga shi a dubu talatin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka ga araha ta wuce hankali, kai ne hajar.

Sai ku ce ai akwai ɗan tsakiya, admin zai riƙe kuɗin. Wane admin? Ka taɓa ganin fuskarsa? Ka san unguwarsu? Mutum ɗaya da layi uku yana iya zama mai sayarwa, ya zama admin, ya zama mai shaida da ke rubuta "na saya a wajensa, mutumin kirki ne." Hotunan alat da yake jerawa a matsayin shaida, yaro mai waya zai haɗa su kafin shayi ya huce. Wani salon kuma, admin ɗin na gaskiya ne, sai ɗan damfara ya kwafi hotonsa da sunansa ya biyo ka ta bayan fage da wata lamba. A Telegram harafi ɗaya ake canzawa a sunan, a sa sifili a wurin O, ko babban I a wurin ƙaramin l. Kai kuma kana sauri kada wani ya riga ka, domin an ce maka mutum uku suna layi. Wannan gaggawar da ake cusa maka ita ce alamar farko. Mai kaya na gaskiya ba ya tsoron ka kwana ka yi tunani.

Masu sayarwa ma ba ku tsira ba. Saƙon alat ya shigo, ka miƙa imel da lambar sirri, sai daga baya ka ga ko kwabo bai shiga ba. Saƙon tes ba kuɗi ba ne, hoton rasidi ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga lissafi ya ƙaru da idonka. Mai sayen ma ya ce maka "tura tukuna, netwok ne ya riƙe," kai ma ka tura.

Zo ga dayamon da UC na araha, wato kuɗin cikin gem na Free Fire da PUBG da ake saya da kuɗin gaske. Hanyar halas ba ta buƙatar komai sai lambar ɗan wasa, wadda ke ƙarƙashin sunanka a cikin gem. Ko a shagon cikin gem ka saya, ko a shafin sayar da su na Midasbuy in PUBG ne, ko na Codashop, ba mai tambayarka lambar sirri. Wanda ya ce sai ya shiga asusunka kafin ya zuba maka, maɓallin ɗakinka yake nema. Wanda kuma ya zuba maka da gaske a rabin farashi, tambayi kanka da kuɗin wa ya saya. Sau da yawa katin banki ne na sata. Mai katin ya kai ƙorafi, a mayar masa da kuɗinsa, kamfani ya zare abin da aka zuba, lissafinka ya koma bashi ko a rufe asusun da ka shekara uku kana ginawa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Na kyauta kuwa sun fi ba ni haushi. Linki ya zo, wai juya faifan sa'a ka ci dayamon dubu goma, shiga da Facebook ɗinka. Shafin ya yi kama da na gaske har launi. Dubi adireshin da ke sama. In bai ƙare da facebook.com ko garena.com daidai ba kafin layin nan mai karkata (/), ko ka ga wani harafi manne a gabansu ba ɗigo a tsakani, fita. Sannan lambar nan guda shida da ke shigowa wayarka, a jikin saƙon ma ana rubuta kada ka ba kowa, amma wani ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka karanto masa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ba gem kaɗai ya tafi ba. Facebook ya tafi, a fara roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka, wai kana asibiti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kai ka tsaga shi da hannunka.

Ɗalibanmu na jami'a da ke buga Counter-Strike a kwamfuta, a Steam, dandalin da gem ɗin yake kai, akwai musayar kaya ta gaskiya, amma ku karanta sunan abokin ciniki da jerin kayan a allon tabbatarwa na ƙarshe, domin a nan ake soke tayin a turo irinsa daga asusun bogi. Tun 2025 kuma ana iya janye musayar kayan wasan cikin kwana 7, don haka wanda ka biya a banki yau yana iya ƙwace kayansa jibi. Ƙananan da ke buga gem ɗin Roblox su kuma da "ba ni amana in gwada, zan dawo maka da shi" ake raba su da nasu.

Kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba bayan lambar sirri, a Google da Facebook, ka rubuta lambobin ajiya a takarda ka ɓoye, ka riƙa duba na'urorin da ke cikin asusunka kana korar baƙi. In an riga an yi maka, je banki a ranar da lambar shaidar turawar, kada ka tsaya jin kunya. EFCC tana da ofishi a nan Gombe, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma tana nan. Amma kada in ruɗe ku, asusun da aka karɓi kuɗin sau da yawa na haya ne, ihu bayan hari ba ya cika dawo da shanu. Wanda kuma zai zo ya ce biya ni dubu biyar in ƙwato maka asusunka, ɗan uwan na farko ne, in ma ba shi ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Ku ana saranku sau uku kuna komawa da sabon kuɗi.

Kuɗin ma daga ina? Na makaranta ne, ko na cefane, ko zubin adashen uwa da aka ce kai wa uwar adashe. A kwana ana harbe-harbe har kiran assalatu, a yi barci a bar Asuba, da rana a wuce shagon cacar ƙwallo neman mayar da asara. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma duk ƙofa ɗaya ce.

Ku kuma masu yin damfarar, na san ba daga wata duniya kuke ba, wasunku a majalisarmu kuke shan shayi. Kun sa mata suna wayo. Hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, wani hadisin ya hana sayar da abin da ba ka mallaka ba. Don abin zane ne a cikin waya, ba shi ya halatta kuɗin ɗan mutane ba.

Garin nan da ciniki aka san shi. A Tudun Hatsi iyayenmu sun sayar da buhuna ɗari da baki kawai, saboda dillali yana da rumfa, yana da gida, an san mahaifinsa, in ya ci amana sau ɗaya kasuwa ta gama da shi har 'ya'yansa su ji a jikinsu. A kasuwar dabbobi ba a sallama akuya sai an duba haƙoranta, an kira shaidu, an biya la'ada a gaban kowa. Yaro ba ya fitar da kuɗi masu nauyi sai ya shawarci yayansa. Yanzu yayan ma yana can kan tasa wayar, uba bai san ɗansa yana da asusun banki uku ba, wanda aka cuta ake yi wa dariya, macucin kuma a kira shi ɗan gari ya saya wa majalisa tsire.