Wanda ya daɗe bai ci ba, kar a ɗura masa abinci

Mutane da yawa suna ganin in mara lafiya ya kwana goma ko fiye baya cin komai, to gata shine a cika masa ciki lokaci ɗaya. Wallahi nan ne haɗarin yake.

Akwai sinadarin fosfet, wajen kashi 85 cikin ɗari nasa a ƙashi yake, ɗan kaɗan ne ke yawo a jini, a babba tsakanin 2.5 zuwa 4.5 mg/dL (ma'aunin gwajin jini). Yunwa ta riga ta cinye ajiyar, to da abinci ya shiga da yawa sai insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ya tashi ya kwashe sukari har da ɗan fosfet ɗin ya tura cikin ƙwayoyin jiki, jinin ya koma wayam. Kwana biyu uku sai kaga mutumin da kuke murna ya fara ci ya kasa ɗaga kofi, numfashi sama-sama, yana sambatu, wani har jijjiga, in fosfet ɗin jini yayi ƙasa da 1 mg/dL zuciya ma tana iya rikicewa.

Shan giya sosai da ƙarancin bitamin D da yawan shan wasu magungunan ƙwannafi suma suna jawo ƙarancin fosfet.

Abinci kaɗan-kaɗan ake farawa ana gwada jini. In ƙarancin fosfet ɗin mai sauƙi ne madara ko ƙwayar fosfet ta isa, mai tsanani kuma sai an sa shi ta jijiya a asibiti, a hankali, don in aka yi gaggawa sinadarin kalsiyam na jini ne zai faɗi.