Ranar da notin kaina ya kwance a hawan angwanci

A jikin kwalin ƙafa-ukun ɗora kyamara an rubuta da manyan haruffa cewa tana ɗaukar kilo 8. Kyamarata da duk tarkacenta ba ta wuce kilo 3 da rabi ba. Na yi lissafin ɗan firamare, na ce ashe ma da sauran canji. Mai shagon ya kama hannun kan, wato sashen sama da kyamara ke zama a kai tana juyawa, ya murza hagu da dama, babu ko tsinke a bisansa, ya ce, "Maigida, ji sulɓi. Mai ruwa ne wannan, irin na 'yan fim." Na biya, na saɓa sabuwar ƙafa-uku a kafaɗa, wato tirayifod, ina ganin na ci kasuwa. Tsohuwar tawa wani abokin sana'a ya ara tun azumi, kuma duk mai ɗaukar bidiyo ya san ƙafa-uku in ta tafi aro, sai dai a riƙa jin labarinta a wajen biki.

Aikin hawan angwanci ne, ranar Asabar bayan la'asar, a wani fili cikin birnin Kano. Dawaki za su fito daga ƙarshen layi, su zagaya, a ƙare da sukuwa da jinjina gaban manya. Kawun ango, wanda shi ya ba da kafin alƙalami, ya ja mini kunne tun da safe: "Fuskar yaron nan nake so, da rawaninsa. Kada ka cika mana kaset da 'yan kallo." Na ce, "Ranka ya daɗe, har ƙiftawar idonsa za ka gani."

Ga abin da na ɗora. Jikin kyamara giram 700, dogon gilashin zum mai milimita 70 zuwa 200 wanda shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, kejin ƙarfe da ke zagaye kyamarar, makirfo, sai ƙaramar monita da batirinta can a ƙololuwa. Kilo 8 ɗin da ke kwali yana nufin nauyin da abin zai ɗauka bai durƙushe ba. Nauyin da kai zai iya riƙewa in an sunkuyar da kyamara wani lissafi ne daban, kuma sifirin ɗin da ke cikin kan ne yake yanke shi. Shi ya sa kamfanonin kirki suke rubuta daga kilo kaza zuwa kilo kaza, har da tsayin da cibiyar nauyin take daga farantin da ake ɗaure kyamara a kai, a milimita. Kowace mai talla ta san wannan: farantin da aka baje wa gyaɗa ba ɗaya yake da wanda aka jera wa kwanuka uku a tsaye ba, ko da nauyinsu ɗaya. Monitar nan da na kafa a sama ita ce kwano na uku. Nawa kan, daga baya na gano, ba shi da sifirin ɗin ma gaba ɗaya.

Na ƙara wa kaina wani. Dogon gilashi yana zuwa da zobensa mai ƙafa, don a ɗaura shi a tsakiyar nauyi. Zoben yana gida a cikin aljihun wata jaka. Sai na ɗaure farantin a gindin kyamara, ga farantin ɗan guntu, ba ya zamewa gaba ko baya balle a daidaita. Kilo ɗaya da rabi ya tafi gaba yana reto ba mai tare shi.

Kafa ta a filin ma sai da ya ci mini minti goma. Kan na mai shafaffen gindi ne, ana murɗa shi a kan noti, babu kwanon da kai ke zama a ciki a saman ƙafafu. Mai kwano, ko na milimita 75 ko na 100, hannu ɗaya ake sassautawa a ƙasa, a juya har ƙwayar iskar nan irin ta ma'aunin magina ta zauna tsakiya, a ɗaure, an gama. Ni kuwa sai na riƙa bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, in rage wannan, in ƙara waccan, yashi yana haɗiye ta uku. Babu dabaibayin da ke haɗa ƙafafun a tsakiya, babu tsini a ƙasansu, sai takalmin roba da aka yi don tayil ɗin ɗakin taro. Da jama'a suka cika gabana kuma, na zaro sandar tsakiya ta kai kamu ɗaya da rabi don in haye kawuna. Wanda ya ɗaga sandar tsakiya ya mayar da ƙafa uku ƙafa ɗaya, na sha faɗa wa yara haka. Ranar dai ni ne yaron.

Algaita ta ɗauka, dawaki suka ɓullo. Na jawo zum har 200, na sami ango tsaf cikin alkyabba, na fara bin sa. Kan ya cije. Na ƙara ƙarfi kaɗan, ya saki gaba ɗaya, ango ya fice daga hoto, na tsinci kaina a kan wani mai sayar da rake. Na dawo, ya cije, ya saki. A milimita 200, kyamara mai cikakken faɗin ido abin da take gani daga gefe zuwa gefe wajen digiri 10 ne kawai. Fizgar digiri ɗaya tak, wadda hannu ba ya ma ji, tana kwashe kashi ɗaya cikin goma na hoton. A monita kamar ana girgizar ƙasa, alhali dokin tafiyar ƙasaita yake yi.

Daren ranar na kwance kan da sukudireba don in ga ruwan da aka sayar mini. Faifan roba biyu ne a manne da juna, an shafa musu giris. Irin wannan gugar juna yake yi, kuma duk abin da ke guga, tashinsa ya fi tafiyarsa wuya, shi ne cijewar da sakin. Kai mai ruwa na gaskiya ɗaki ne a rufe, faifai a sarƙe cikin mai mai kauri na silikon. Ba su taɓa juna, man ne yake ja, yana ƙara tauri gwargwadon saurin hannunka, saboda haka tashi da tsayawa duk a hankali suke zuwa. Ba sabon abu ba ne, tun 1946 wani mutumin Ostareliya mai suna Miller ya yi rajistar fasahar. Shekaru kusan tamanin, labarin bai iso kwalina ba.

Mu koma fili. Duk sanda na tsayar da juyi, sai hoton ya ɗan koma baya, kamar mai sallama ya tuna ya manta hula. Abu biyu suka haɗu. Siraran ƙafafun alminiyam suna murɗewa in ana tura kai mai tauri, in aka saki su warware. Sannan na bar na'urar hana rawa ta cikin gilashin a kunne, ita kuma tana ɗaukar farkon juyina a matsayin rawar hannu, ta yi ta gardama da ni, in na tsaya ta biya bashi. A kan ƙafa-uku kashe ta ake yi, ko a sa ta a yanayin da aka tanada don bin abu mai tafiya.

Ana haka gefen dama na hoton ya fara nitsewa. Maƙullin wata ƙafa ne, irin mai ɗan marfi da ake dannawa, bai kama sosai ba. Kwatan juyi da alanki zai gyara shi, in da na gwada a gida ta hanyar danna kan da tafin hannu. Kano ba tudu ba gangare a wajen, amma dawakina duk hawan dutsen Dala suke yi.

Sai lokacin jinjina. Ango ya saki linzami, ya taho a sukwane, 'yan bindiga suka sake ta a bayan kunnena. Na saki hannun kan don in toshe kunne, daƙiƙa ɗaya. Kai mai daidaitaccen sifirin, inda ka bar kyamara nan za ka same ta. Tawa ta faɗi gaisuwa irin ta fada, goshi a ƙasa. Na ɗago ta na kama notin da ke kulle sunkuyo na murɗa da ƙarfin tsoro, sai ga shi a tafin hannuna, roba da zarensa duka. Yarona, wanda Allah ya hore wa murya, ya leƙo ya ce, "Oga, notin kanka ya kwance!" Daidai lokacin algaita ta yi shiru. Layin dattawa gaba ɗaya ya waiwayo. Wani tsoho ya gyaɗa kai, kamar dama ya daɗe da zargin haka.

Yanzu in zan sayi kai, da kyamarar nake zuwa shago, a haɗe yadda zan yi aiki da ita, har monita. In zame faranti sai ta zauna ba ta rinjaya gaba ko baya ba, in sunkuyar da ita rabi in cire hannu. Ta faɗi, sifirin ya yi mata kaɗan. Ta miƙe da kanta, ya yi yawa. In jawo zum ƙarshe a kan wani rubutu da ke tsallaken titi, in tura hannun da ɗan yatsa ɗaya, in tsaya, in ga ko rubutun zai koma baya. Sannan in kulle juyin in gwada murɗa kan da hannu biyu, ina kallon ƙafafu. Masu shago ba sa son ganina, minti ashirin nake ci ban taya ba.

Da na kai aikin, Alhaji kawun ango ya zauna da iyalinsa aka kunna. An ga mai rake sau huɗu. An ga ango yana shiga yana fita kamar mai neman wani a tasha. Da aka zo jinjina, sai ƙafafun doki, daƙiƙa arba'in, tar da su, ƙura tana tashi, rana tana dukan kofato. Shi ne wuri ɗaya da hoton bai yi rawa ba, domin kyamarar ta kai ƙarshen faɗuwarta ta jingina. Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Malam, dokin muka aurar?" Cikon kuɗina ya ce sai ya yi shawara.

Bayan kwana uku baƙuwar lamba ta kira ni. Mai dokin ne, wai yana son sa shi a kasuwa, kuma an ce masa akwai wani mai kyamara da ya ƙware a ƙafa. Ya tambaya ko ina da irin na'urar da na yi aikin da ita, yana da wasu dawaki shida.