Korona Ba Ciwon Manya Kaɗai Ba Ce

Har yau a majalisun Bauchi akwai masu cewa korona ciwon manya ce, wadda ba ruwanta da talaka. Zancen yana da asali: mutum na farko da aka tabbatar ya kamu a jihar, a watan Maris na 2020, shi ne Gwamna Bala Mohammed, sannan a watan Afrilu cutar ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa.

Sai dai abin da rediyo ya riƙa sanarwa adadin waɗanda aka gwada ne kawai, kuma gwaji a lokacin ya fi kusa da masu hawa jirgi da masu hali. Dattijon da ya kwana yana tari a ƙauye, aka saya masa maganin zazzaɓi a kemis, ya rasu aka yi masa sutura kafin azahar, babu rajistar da sunansa ya shiga. Yawan rasuwar da aka yi a Azare, hedikwatar Katagum, ya sa gwamnati ta rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki a watan Mayu.

Ta fuskar abin sawa a baka kuwa, talaka ne ya fi shan wuya. An hana acaɓa, an rufe iyakokin jihohi, mai sayar da tumatir a kasuwar Muda Lawal yana kallo kwandonsa ya ruɓe. A ganina, wannan kuskuren fahimta na cewa korona ciwon manya ce, shi ne ya sa muka yi saurin mantawa da asibitin unguwa da ba shi da iskar numfashi ko ɗakin gwaji.