Yi wa wanda bai yarda da Allah ba addu'a: laifi ne?

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Sabon Zango, wasu kan haɗiye "Allah ya kiyaye hanya" idan sun san abokin ciniki bai yarda da Allah ba, wai kada ya ji an tsokane shi. Ba haka abin yake ba. A kasuwar Kejetia ana jin "Nyame nhyira wo" (wato "Allah ya yi maka albarka" a harshen Twi) da "Allah ya yi albarka" tun safe har dare, kuma galibin waɗanda ake faɗa wa gaisuwa suke ɗaukarta, su ce na gode.

Inda ake ɓata shi ne kalmar da aka zaɓa da lokacinta. "Allah ya ba ka lafiya" a gadon asibiti fatan alheri ne. "Allah ya shirye ka" bayan gardama, a gaban jama'a, ya zama gori, ko da niyyar mai faɗin ta yi kyau. Haka nan idan mutumin ya ce a daina, aka ci gaba.

Ta fuskar shari'a, roƙa wa mai rai lafiya ko shiriya ya halatta. Abin da Suratut Tauba, aya ta 113, ta hana shi ne nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. A wurin ta'aziyya sai a ce wa iyalinsa "Allah ya ba ku haƙuri".