Raket uku, sikeli ɗaya, da dalmar da ta kusa karya min hannu

Raket ɗina na tanis guda uku ne, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, fenti ɗaya, har rubutun da ke wuyansu iri ɗaya wai giram 300 ba igiya. Amma ni dai na san ɗaya daga ciki ta fi sauran hankali, in na buga da ita ƙwallo tana faɗawa cikin layi, in igiyarta ta tsinke na ɗauko 'yar uwarta shikenan sai ka ga ƙwallo ta nufi shinge kamar an aike ta. Abokin wasana kullum dariya yake min, yana cewa mutumina hannunka ne, ni kuma ina rantsuwa ba hannuna ba ne.

Don in kashe bakinsa na ɗauko sikelin da uwargida ke auna fulawa, irin mai lambobin nan, na ɗora su ɗaya bayan ɗaya. 312, 317, 323. Kai jama'a! Giram 11 tsakanin ƙarama da babba, kuma 'yar lelen tawa ita ce mara nauyin. Ashe kamfanoni da yawa su da kansu suna rubuta cewa nauyi zai iya haura ko gaza abin da aka rubuta da kusan giram 7, balans ma, wato wurin da nauyin raket ke daidaita, milimita 7 gaba ko baya, ga igiya tana ƙara giram 15 zuwa 18, naɗin mariƙi 5 ko 6, har ɗan robar hana girgiza ma yana da nasa biyu ko uku. Na ɗauki hoton sikelin na tura wa mutumin, ya turo min fuskar dariya kawai.

To matsalar ita ce raket ba a rage mata nauyi, sai dai ƙari. Ke nan dole sauran biyun su bi babbar, wato in ɗauki wadda nake so in lafta mata giram 11 don ta yi kama da wadda na tsana. Na ɗan yi jim, amma da na tuna tsohon zakaran tanis Pete Sampras ma haka ya dinga jera tef ɗin dalma a gefe da gefen kan raket ɗinsa sai na ce to ni wa, na sayo nawa tef ɗin.

Balans kuma ana auna shi ne daga gindin mariƙi zuwa inda raket za ta tsaya cak ba ta rinjaya ba. Tsawonta inci 27 ne, kusan santimita 68.5, tsakiya ke nan 34 da 'yan kai, in wurin tsayawar ya gaza haka to kanta ba nauyi. Ni ba ni da allon awo, sai na manna rula a teburi na dinga turo raket a hankali zuwa baki ina jiran lokacin da za ta fara sunkuyawa. Ta sunkuya kuwa, da gaske, ta sauka da gefen firam a kan babban yatsan ƙafata. Uwargida ta leƙo ta gan ni ina tsalle da ƙafa ɗaya riƙe da rula, ta ce Baban yara lafiya? Na ce bincike nake. Ta ce to in an gama binciken a dawo mata da sikelinta.

Nan fa aka shiga rawar. Kan raket ana lissafa shi kamar fuskar agogo, ƙarfe 12 can ƙololuwa, ƙarfe 3 da 9 gefuna. Giram ɗaya a ƙarfe 12 yana tura balans gaba kusan milimita ɗaya, giram ɗaya a gindi yana jawo shi baya kusan haka. Na manna wa ƙaramar dalma a ka, nauyi ya daidaita amma balans ya gudu gaba, na buɗe 'yar murfin da ke gindin mariƙi na cusa ƙari don ya dawo, ya dawo kuwa amma yanzu ta fi babbar nauyi, to babbar ta zama ƙarama ke nan sai an ƙara mata, na ƙara mata, nata balans ya gudu, ta tsakiyar kuma tana gefe an bar ta a baya, na koma kanta, haka na yi ta zagaye ina yanka ina mannawa ina aunawa har tef ya kusa ƙarewa, yatsuna sun yi baƙi ƙirin. Da na ɗago kai dukkansu 341 suke, balans ɗaya. Wallahi har na tafa wa kaina.

A fili kuwa bugun farko ƙwallo ta wuce ni kafin raket ta iso, na biyu ma haka, sabis kuwa, wato bugun fara wasa, kafaɗata ce ta fara ƙorafi. Ga wata ƙara ƙwas-ƙwas tana fitowa daga ɗaya, ashe dalmar da na cusa a mariƙi ce ta ɓalle tana yawo ciki. Mutumina ya tsaya a raga ya ce dan Allah wa ke kaɗa maka kiɗa? Kuma abin haushin, duk da lambobi sun zo ɗaya, a hannu har yanzu kowacce da halinta.

Na kwashe su na kai wa mai ɗaura igiya. Ya juya ɗaya ya kalli dalmar, ya kalle ni, ya ce Oga wa ya yi maka wannan aikin? Na ce wani ne. Ya ce to wanin nan kar ka sake ba shi. Ya ɗaura ta a wata na'ura da ke riƙe raket santimita 10 daga gindi tana kaɗa ta hagu da dama, ita ke auna nauyin kaɗawa, wato yadda raket ke yi maka nauyi a lokacin da kake lilo da ita, ba lokacin da take kwance a sikeli ba. Ya ce yawancin raket masu igiya 320 zuwa 330 suke, nawa kuma kowacce ta haura 340 kuma babu biyun da suka yi daidai. Dalilin shi ne nisan dalma daga hannu ninka kansa yake yi a lissafin, giram ɗaya a ƙarfe 12 maki uku da 'yan kai ne, a 3 da 9 kusan biyu, a mariƙi kusan sifili, ni kuma duk inda tef ya samu wuri nan nake mannawa.

Ya ɓare dalmar tas ya dunƙule ta a teburi. Sannan ya warware naɗin mariƙin babbar, sai ga wani tsohon naɗi a ƙarƙashi, ya yi dauɗa ya sha gumi, an naɗa sabo a kansa. Ya cire, ya ɗora a sikeli, 317, daidai da ta tsakiya. Ya sake tambaya wa ya naɗa wannan, na ce wanin nan ne dai. 'Yar lelen kawai ya ƙara wa giram 5, ya raba shi tsakanin ka da mariƙi, ya ɗan taɓa sauran, aka gama kafin in gama jin kunya.

Wasa na gaba mutumina ya ci ni 6-1, na canza raket ya sake cina 6-1, na ɗauko ta ukun, ita ma ƙwallon shinge ta nufa, daidai wurin da 'yan uwanta suka aika, ko milimita ba bambanci. Yana goge gumi ya ce to yau wacce za a zarga? Ban ce masa komai ba, don na riga na gano dokar hukumar tanis ta duniya ta yarda ƙwallo ta kasance tsakanin giram 56 da 59.4, kuma sikelin uwargida yana cikin jakata.