Iyakwandishan ɗin da na ƙera wa surukata

A watan Afrilu, idan aka ɗauke wuta a Kano da tsakar rana, mutum kan yi tunani iri-iri. Wasu su tuna lahira, wasu su tuna kuɗin janareto. Ni kuwa tunanina ya tafi kan bokitin fentin da ke bayan ɗaki, mai cin lita 20, wanda maman Ummi ke jiƙa wanki a ciki.

Kafin a ce na haukace, bari in faɗi hujjata. Ruwa idan zai bushe ya bi iska, sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Shi ya sa ruwan randa yake sanyi, shi ya sa kuma gumi ke sanyaya jiki. A bazara iskar Kano a bushe take ƙayau, saboda haka tana shan ruwa da sauri. Da wannan dabarar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Na ce wa kaina, in dai tumatir zai samu sauƙi, ni da nake biyan kuɗin haya ai na fi cancanta.

Na tafi Ƙofar Ruwa na sayo fankar lagireton mota mai aiki da bolt 12, da ɗan famfon nan da ke feso ruwa a gilashin mota, da siririn tiyo, da fiyus, da makunni. Mai shagon ya tambaye ni wace mota ce. Na ce bokiti ne. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya ce, "To Alhaji, Allah ya ba da sa'a." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na lura 'yan kasuwa kan ba mutum Alhaji idan sun fara tausaya masa.

Aikin ba wuya. Na zafafa ƙusa a gawayi na huda cikin bokitin zagaye, na yanke murfin na ɗaure fankar da wayar ƙarfe, na kewaye ciki da tsohon tawul. Famfo yana ɗebo ruwa daga gindin bokiti yana ɗiga a kan tawul, fanka tana jawo iska ta cikinsa tana hurowa waje. Wuta kuma na ciro batirin babur ɗina. Da na kunna karon farko, fankar ta juya baya, domin irin wannan fankar idan aka musanya jar waya da baƙa sai ta sauya alƙibla. Maimakon ta huro, sai ta zuƙe takardar aikin gidan Ummi ta mai da ita dambu. Ummi ba ta yi kuka ba. Ina jin tun ranar ta fara ganin amfanin kimiyya.

Da na gyara wayoyin, wallahi abin ya yi aiki. Ma'aunin zafi ya nuna 39 a tsakar ɗaki, a bakin bokiti kuma ya sauko 31. Na kira maman Ummi ta zo ta ga ikon Allah. Ta miƙa hannu, ta ji sanyin, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Abban Ummi, ni a ina zan jiƙa wankina?" Haka masu ƙirƙira suke fama a ko'ina.

Ana nan sai aka yi waya cewa Hajiya, mahaifiyarta, za ta zo daga Gumel ganin likitan ido, kuma a gidanmu za ta kwana. Duk wanda yake da suruka ya san yadda ake. Shekara da shekaru ina durƙusawa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, in gaishe ta in sulale. Ba ta taɓa ganin wata bajinta tawa ba, in ban da cin tuwo. Na ce wannan karon za ta koma Gumel da labari.

Sai dai tawul ɗin bai gamshe ni ba. Ya yi kauri, iska ba ta ratsa shi sosai. Abin da ake so shi ne buhun algarara, mai saƙa a buɗe, mai riƙe ruwa. Bayan magariba, babu wuta, na shiga ɗakin ajiyar maman Ummi ina lalube da fitilar waya, na ci karo da wani buhu a ninke, tsaf da shi, babu komai a ciki. Na yanka shi daidai bokiti. Mura nake yi a ranar, hancina a toshe. Ina so a rubuta wannan a ajiye, domin har yau ana ba da labarin nan a dangi ana tsallake batun murar.

Bayan isha'i aka shimfiɗa wa Hajiya a ɗakin baƙi. Na shigo da bokitin a rungume, na durƙusa, na ce, "Hajiya, ga ɗan abin sanyi na haɗa, ko za a samu barci." Ta ce, "Kai madalla, Allah ya yi albarka, Malam." Na zuba ruwa, na jona batir, na kuma ja tagar na rufe don kada sanyi ya tsere, duk da na san irin wannan na'urar tana son taga a buɗe. Zumuɗi ne. Na danna makunni na fito tsakar gida na zauna a tabarma ina jiran yabo.

Atishawar farko a hankali ta fito, irin ta manya, har da "Alhamdulillahi". Na amsa daga waje. Ta biyu ba ta jira amsa ba. Daga nan sai tari, sai salati, sai na ji Ummi da ta bi kakarta kwana ta fashe da kuka. Maman Ummi ta ruga ciki, ta fito da gudu idonta jawur tana zubar da hawaye, ta ce, "Wane buhu ka sa a cikin abin nan?" Na ce wanda ke bayan garwar manja. Ta dafe kai. "Buhun barkonona ne! Shekara biyu ina zuba barkono a ciki!"

Fankar lagireto an yi ta ne don ta sanyaya injin mota a cikin rana, ba wasa take yi ba. Duk garin barkonon da ya maƙale a saƙar buhun nan, wanda ruwa bai kai gare shi ba tukuna, ta kwashe shi ta raba wa ɗakin daidai wa daida. Na shiga don in kashe, na shaƙi iskar sau ɗaya, murar da ta dame ni ta warke nan take. Cikin duhu da hawaye na nemi makunnin na rasa, na fizgi waya, bokitin ya kife, ruwan ya bi ƙarƙashin katifar Hajiya. Ita kuwa ta fito tsakar gida ba mayafi, tana riƙe da carbi, tana atishawa a jere. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ga mu tsaye gaba da gaba, kowa na share majina.

Maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko 'yan sanda ne suka harba barkonon tsohuwa. Hajiya, tsakanin tari biyu, ta ce, "A'a, tsohuwar ce dai aka harba wa barkono."

Kowa a tsakar gida ya kwana. Da safe na je tada babur don in riga su zuwa asibiti in karɓi kati, ya ce bai san zancen ba. Batirin babur ƙarami ne, fankar mota kuwa tana zuƙar wuta da yawa, gwaje-gwajen da na yi ta yi sun tsotse shi tas. Kik ɗin kuma tun da azumi ya karye. Sai na tare musu adaidaita sahu, na biya kuɗin, na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu.

Maman Ummi ce ta ba ni ƙarshen labarin da suka dawo. Likitan ya haska idon Hajiya, ya ga ya yi ja, ya tambaye ta ko ta yi daka ne jiya. Ta gyara zama ta ce, "A'a likita, surukina ne ya sa mini iyakwandishan."