Kumburin ƙafa, shirun mai jego da ledar kemis: nasiha gare mu matasan Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, maza da mata.

A yawancin gidajenmu yau, idan wani ya kwanta ciwo, kafin maganar ta kai kunnen Baba ta riga ta biyo ta hannunmu. Mu ke riƙe da waya, mu ake aika kemis, mu ke da mashin ɗin da za a ɗauki Inna zuwa asibiti ko a ce a bari sai an ga yadda ta kwana. Tunda nauyin ya hau kanmu, wajibi ne mu san abin da muke yi. Akwai ciwuka uku da muka saba laƙaba wa sunaye mu wuce. Mai kumburi da haki mu ce sanyi ne. Wanda ya daina magana da cin abinci mu ce iska ce ko ƙarancin tawakkali. Mai ciwon gaɓoɓi kuwa a haɗo masa ƙwayoyi a leda. Binciken likitoci na 'yan shekarun nan yana ta nuna cewa zuciya da ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna taɓa juna, kuma jinkirinmu ne ke mayar da abin da ake iya magancewa ya zama ajali.

Gazawar zuciya ba tana nufin zuciya ta tsaya ba. Tana bugawa, amma ba ta iya tura jini yadda jiki ke bukata, kamar injin ban ruwa a fadama da ke ta ƙara alhali ruwan da yake turowa bai kai ƙarshen kwami ba. Sai ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ciki da ƙafafu. Ku lura da tsohuwar da a da take tafiya unguwa a ƙafa daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Soro, yanzu ko shara ta yi sai ta zauna tana haki. Da dare ba ta iya kwanciya a miƙe, sai ta jera matasai ta jingina, wani lokaci ta farka a firgice tana neman iska. Ka danna babban yatsanka a ƙwaurinta ka ɗan riƙe, idan ka ɗauke ka ga rami ya zauna, to wannan ba aikin jiƙo ba ne. Hoton zuciya take bukata, kuma ana yin sa a nan Katsina, ba sai an je Kano ko Zariya ba.

A 2012 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan masu gazawar zuciya 1,006 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, alhali a Turai ciwon ya fi kama waɗanda suka haura 70. Kusan rabinsu hawan jini ne ya kai su ga haka. Wato ciwon da muke ɗauka na tsofaffi ne, a wajenmu magidanta yake kayarwa, masu 'ya'ya a firamare. Hawan jini kuma ba ya sallama. Nawa ne cikinmu suka taɓa auna jininsu ba don neman takardar aiki ba?

Amma inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun masu jego. Akwai nau'in gazawar zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta shi, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekaru da dama ana tafiya a kan wannan fahimta. Sai ga wani babban bincike da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya tattara mata sama da 400 daga asibitocin ƙasar nan. A Kano an samu ciwon a haihuwa 1 cikin kowace 96. Abin da ya fito fili a matsayin haɗari shi ne rama, rashin zuwa makaranta, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga. Wanka da kunu ba su fito a matsayin sanadi mai zaman kansa ba. Wasu nazarce-nazarcen na Kano kuma sun ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon.

Kada wani ya ɗauki wannan ya je ya ce wa Goggo likitoci sun wanke kanwa. Kanwa gishiri ce, kuma mai raunin zuciya ko hawan jini ba ta da abokin gaba kamar gishiri. Abin da na fahimta shi ne mun daɗe muna gardama a kan tukunyar wanka, alhali yunwa da talauci da rashin zuwa awo suna cin 'yan'uwanmu mata. Ango ya kashe abin da ya kashe a ragon suna da ɗinkin fitar suna, amma ƙwai da hanta da kuɗin motar zuwa awo sun gagara.

Na ga wata mai jego a unguwarmu, yarinya ce ƙarama, haihuwar fari. Bayan suna da 'yan makonni zoben hannunta ya ƙi fita, silifas ya daina shiga, tana shayarwa tana tari. Kowa ya shigo barka sai ya ce jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Ƙaninta, ɗan makarantar koyon aikin lafiya, shi ya kafe sai an kai ta asibiti, har ana ce masa ya cika iyayi. Ruwa ne ya cika ta. Ta samu sauƙi da magani, amma likita ya gargaɗi mijin cewa sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta dawo daidai yana iya zama sanadin rasa ta. Wannan magana ce da mu maza ya kamata mu ji da kunnen basira, domin mu ne kan ƙi ta.

Labari mai daɗi shi ne magani ya ci gaba ƙwarai. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin dapagliflozin, wanda asali maganin ciwon suga ne, a kan masu gazawar zuciya 4,744, masu suga da marasa suga. Ya rage taɓarɓarewar ciwon ko mutuwa ta sanadin zuciya da kashi 26 cikin 100. Yau ga mai raunin bugun zuciya likitoci na ƙoƙarin haɗa magunguna kala huɗu, wasunsu tsofaffi ne masu araha irin su spironolactone. A 2022 kuma wani gwaji a kan mutum 1,078, wanda likitocin Kano suka taka rawa a ciki, ya nuna cewa idan aka ƙara wa majinyaci ƙarfin magungunansa da wuri bayan sallama, ana ganin sa akai-akai a makonnin farko, adadin masu mutuwa ko komawa gadon asibiti cikin wata 6 yana sauka daga kashi 23 zuwa kashi 15. Ku duba da kyau, ba sabon magani aka ƙirƙiro a nan ba. Komawa ganin likita ne kawai da bin ƙa'ida. Mu kuwa da zarar kumburi ya saɓe sai mu ce Alhamdulillahi an warke, a ajiye katin asibiti a ƙarƙashin katifa. Maganin zuciya ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Sauƙin ma shi ya kawo shi. Idan kuɗi ne matsala, 'yan'uwa su yi karo-karo duk wata kamar yadda ake yi wa biki, kuma a gaya wa likita gaskiyar aljihu don ya zaɓi abin da za a iya ɗorewa a kai.

Sai ciwon damuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280. A cikin masu gazawar zuciya kuwa, kusan 1 cikin 5 na ɗauke da shi, kuma haɗarin mutuwarsu ya kai ninki biyu na waɗanda ba su da shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya yanke ƙauna ba ya shan magani, ba ya motsi, ba ya barci. Abin mamaki, da aka gwada ƙwayoyin damuwa a kan masu gazawar zuciya, sertraline a Amurka a 2010 da escitalopram a Jamus a 2016, ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri ba. Abin da ya taimaka a wani gwaji na 2015 shi ne zama da ƙwararre ana tattaunawa, ana koya wa majinyaci yadda zai kama tunaninsa ya koma harkokinsa kaɗan-kaɗan. Wannan bai rushe amfanin ƙwayoyin ga sauran masu damuwa ba, suna aiki, kuma likita ne zai tantance. A Zimbabuwe ma, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa bisa tsari, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Ina roƙonku da Allah, mu daina cewa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Garinmu cike yake da mutanen Batsari da Jibiya da Safana da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, wasu a gabansu aka kashe nasu. Matar da ta ga wannan, ta daina barci, ta daina kula da 'ya'yanta, ba wa'azin haƙuri kaɗai take bukata ba. Idan rashin walwala da rashin sha'awar komai ya wuce mako 2, ko mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi asibiti ranar, kada a bar shi shi kaɗai. A farkon 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba irin waɗannan majinyata haƙƙin a kula da su da mutunci. Doka ta sauya, saura bakunanmu. Abokanmu da yawa da suka faɗa wa tiramol da kodin, da za a bi diddigi, wasu damuwa ce suke ƙoƙarin kashewa.

Garkuwar jiki ita ce zaren da ya ɗinke waɗannan biyun. Wani lokaci takan rikice ta afka wa jikin da take karewa. Misali mafi kusa da mu shi ne ciwon maƙogwaron yara. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, idan ba a kashe ta da maganin da ya dace ba, garkuwa kan yi kuskure ta lalata ƙofofin zuciya, yaro ya tashi da haki yana ɗan shekara 15. A Yuganda an gwada allurar fenisilin duk bayan mako 4 ga yaran da aka gano ciwon ya fara taɓa zuciyarsu. Bayan shekara 2, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne ciwonsu ya ƙaru, alhali a waɗanda ba a yi wa ba ya haura kashi 8. An sanar da wannan a 2021. Don haka yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi asibiti za a kai shi, ba wajen wanzami a cire beli ba.

Alaƙar garkuwa da damuwa ma an gan ta ƙarara: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon hanta da aka yi wa allurar intaferon, mai zaburar da garkuwa, sun kamu da damuwa mai tsanani. A 2017 kuma gwaji a kan mutum sama da 10,000 ya nuna cewa kwantar da wani sashe na garkuwa yana rage haɗarin sake toshewar jijiyar zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta sanadin zuciya da kashi 15, sai dai ya ƙara mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta. A Jamus, a 2022, an ba da rahoton mutum 5 masu cutar lupus, wadda garkuwa ke afka wa jiki, da aka sarrafa ƙwayoyin garkuwarsu aka mayar musu, ciwon ya lafa har suka ajiye magani. Wannan duk yana matakin gwaji da tsada. Na kawo shi ne don ku gane cewa garkuwa daidaito take so, ba ƙari ba. Kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ma an ba masana uku ne saboda gano ƙwayoyin da ke taka wa garkuwa birki. To ina matsayin mai lasifika a kasuwa, ko mai bidiyo a TikTok, da ke tallan garin da yake ƙara garkuwa, yana wanke zuciya, yana maganin damuwa, duk a roba ɗaya? Kafin ka tura irin wannan zuwa zauren WhatsApp na dangi, ka tuna akwai wanda zai ajiye maganin asibiti saboda kai ka turo.

Ledar kemis kuwa sai an yi hattara. Diclofenac da ibuprofen da muke saya wa iyayenmu don ciwon gwiwa suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda, suna iya kwantar da mai gazawar zuciya cikin 'yan kwanaki. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu 'yan mata ke sha don ƙiba ana ce musu sha-ka-fashe, suna danne garkuwa, suna tayar da jini da suga, suna birkita tunani. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba a yanke mata shi rana ɗaya, haɗari ne, likita ne ke rage shi a hankali. Wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril suna cutar da ɗan tayi, don haka mai shan su da ta samu ciki ko take nema ta sanar da likita da wuri. Gishiri kuma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗanɗanon dunƙule da ake jefawa a miya da yaji duk a cikin lissafin suke.

Ranar da za ku raka majinyaci ganin likita, ku kwashe duk abin da yake sha ku zuba a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da wanda ake jin kunyar nunawa, ku ajiye a teburin likita. Idan ya tambayi yadda ake ji, kada ku tsaya a kumburi da haki. Ku gaya masa ko Inna tana barci, ko tana cin abinci, ko ta daina fitowa tsakar gida.